Yadda nake cin Lahadina a Istanbul

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya kai da iyali. A gaishe min da Inna da kyau, a ce mata sanyi ya fara sauƙi, kuma ina sa rigar sanyin da ta yi ta jaddada min.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni ko ba ni da abin yi a garin nan sai ɗaure dila da auna kilo, kuma ko na taɓa ganin ɗan ƙwallon nan Osimhen ido da ido ko ni ma a talabijin nake ganinsa kamar ku. Layin ya yi ta yankewa ban ba ka amsa yadda nake so ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Aikinmu kwana shida ne, Litinin zuwa Asabar. Ofishin kargon da nake yi wa aiki yana Aksaray, mutanenmu na Kantin Kwari su sayo abaya da takalma da kayan yara a Laleli da Merter, mu kuma mu auna, mu ɗaure, mu rubuta suna. Lahadi kaɗai ce tawa. Watannin farko wanki da barci nake yi da ita, don a zatona fita yawo a nan sai mai kuɗi. Wani abokin aikina ɗan Damagaram ne ya cire min wannan tunanin. Ya ce in ɗauko katin motata kawai in biyo shi.

Katin nan, Istanbulkart, shi ne abin da na fi so ka fahimta, domin duk hutun talakan garin nan a kansa yake tafiya. Kati ɗaya ne, ka zuba masa kuɗi a na'ura, ka hau bas da shi, ka hau tiram, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka hau jirgin ruwa. Babu ciniki, babu rigimar canji, babu kwandasta mai ƙara kuɗi don an yi ruwan sama. Daga ƙofar aikinmu tiram yake ɗaukata ya bi ta Beyazit da Sultanahmet ya sauke ni a Eminonu, bakin ruwa. Daga nan jirgin ruwa ya tsallaka da ni Uskudar cikin kamar minti 15. Ka ga ke nan na bar Turai na shiga Asiya da kuɗi kaɗan. Akwai ma jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ruwan, Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, amma ranar hutu ba na hawansa. Wanda ya kwana shida a ɗakin ajiya mara taga, iska yake nema. Ina zama a waje ta bayan jirgi, hasumiyoyin masallatai suna ja da baya, tsuntsayen teku suna bin mu yara na jefa musu gutsuren burodi. Wallahi Yaya, a wannan 'yar tafiyar nake sauke gajiyar mako.

A gida in mutum ya ce zai kai iyalinsa yawo, kafin ya biya adaidaita zuwa da dawowa rabin kuɗin ya tafi. Na sha tuna wannan.

To, maganar ƙwallo. E, na ga Osimhen, sau ɗaya tak. Shiga filin wasa a nan ba kamar Ƙofar Mata ba ne, da mutum zai idar da La'asar ya ce bari in je in ga Pillars, ya biya a ƙofa ya shige. Tun 2014 suka kawo wani tsari da suke kira Passolig. Sai ka yi rajista da fasfo ko takardar zama, da hotonka, ka biya kuɗin shekara, sannan duk tikitin da ka saya a kan sunanka yake, da lambar kujerarka. Filin Galatasaray, kulob ɗin Osimhen, da ke Seyrantepe yana cin mutum sama da 50,000, amma yawancin kujerun masu tikitin kaka guda sun riƙe, sauran kuma kafin ka buɗe waya sun ƙare. Ni ma maigidana ne, Baturke mai son kulob ɗin kamar ransa, ya tura min kujerarsa ranar da ya yi tafiya, a wasa da wata ƙaramar ƙungiya.

A ƙofa 'yan sanda suka caje ni tsaf, har sulallan da ke aljihuna suka karɓe, saboda kada a yi jifa da su. Ba a sayar da giya a ciki, ruwa ma a ɗan kofin roba mai murfin leda ake ba ka. Na ga mata, na ga dattawa da jikokinsu, na ga yara da yawa sanye da irin baƙin takunkumin da Osimhen yake sawa a fuska. Da mai sanarwa ya kira "Victor", filin gaba ɗaya ya amsa "Osimhen", sai da tsigar jikina ta tashi. Yaron da ya tashi a Legas, ya zo aro daga Napoli a 2024, ya ci ƙwallo 26 a gasar, suka ɗauki kofi, sannan suka saye shi Yuro miliyan 75 a 2025. Da na kusa da ni ya ji daga Najeriya nake, rungume ni ya yi. Kuma ba yau suka san mu ba. Dattawan Fenerbahce har yanzu suna zancen Okocha, na Besiktas kuma Amokachi ɗan Kaduna. Ahmed Musa ma da ya bar Pillars a 2021 nan ya zo, kulob ɗin Karagumruk, unguwar da ba ta da nisa da inda nake kwana.

Abin da ya burge ni a tsarin shi ne babu mai ɓuya cikin taro. Wanda ya yi jifa ko ya ta da faɗa, kyamara ta ɗauke shi, an san sunansa, a hana shi shiga fili, kuma ranar da kulob ɗinsa ke wasa sai ya je ofishin 'yan sanda ya sa hannu. Da za a yi haka a filayenmu da an huta da turmutsutsun ƙofa da jifan alƙalin wasa, da ka iya tafiya da yaranka hankali kwance. Amma fa akwai abin da ya dame ni. Tikitin babban wasa yana cinye ladan kwanaki na ma'aikaci irina, tsadar rayuwa kuma ta ci kowa a ƙasar nan. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi sai da ta haura kashi 80 cikin 100, har yau kuɗinsu, Lira, ba ta farfaɗo ba. Saboda haka lebura da direban tasi a gidan shayi suke kallo, su sayi kofi ɗaya su zauna gaban talabijin, daidai da gidan kallonmu, illa dai a nan wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar bugun fanareti. Ni ma can nake kallon sauran wasannin. Kuma duk ƙarar filin nan, ban ji abin da nake ji ba in aka ɗauki "Sai Masu Gida" da ganguna, mai rake na gefe, mai dafaffiyar gyaɗa na ratsawa, duk wanda ka waiga ka san gidansu.

Abincin bakin fili ma gara namu. Suna gasa niƙaƙƙen nama su cusa a burodi da albasa, ƙofte suke ce masa, yana da tsafta amma babu yaji, bai kama ƙafar tsire ba. Shayinsu baƙi ne a ɗan ƙaramin kofin gilas, babu madara. Abin da na saba da shi shi ne simit, wani zagayayyen burodi mai riɗi, da ayran, wato nono da aka dama da ruwa da gishiri.

Inda na fi zuwa, kuma inda nake so in kai Inna in Allah ya nufa, shi ne Eyup. A nan kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa da ya isa Madina. Ya fito yaƙi da tsufansa ya rasu a bakin ganuwar garin nan. Ranar da na fara tsayawa gaban kabarin na yi sallama, sai karatun Sira da muka yi a zauren Malam ya dawo min sabo, na kasa riƙe hawaye. Ba a biyan ko sisi. Akwai ruwan alwala, akwai banɗaki mai tsafta, akwai ledar zuba takalmi. Bayan masallacin akwai tudu cike da kaburbura, ana hawansa da wani ɗan keji mai tafiya a kan waya, shi ma da katin nan, daga sama ka ga gari shimfiɗe kamar yadda muke ganin Kano daga kan Dala.

Wuraren da ake biya kuwa suna da tsada ga baƙo. Fadar Topkapi, inda aka ajiye alkyabbar Annabi da takubban sahabbai da Sarki Salim ya kawo bayan ya ci Masar a 1517, sai da na yi tanadi kafin na shiga. Ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba dare ba rana. Ayasofya, da aka mayar masallaci a 2020, tun farkon 2024 ɗan yawon buɗe ido Yuro 25 yake biya, mai salla kuwa kyauta yake shiga. Babbar kasuwarsu mai rufi ba ta ci ranar Lahadi, don haka sai a guje nake ratsa ta in an aike ni.

Wata Lahadin na bi ganuwarsu da ƙafa, wadda Muhammadu Fatih ya fasa a 1453. Wani wurin an gyara, wani wurin ya zube, har lambun latas ake yi a gindinta. Amma ko'ina akwai allo mai bayani, akwai benci, akwai fitila. Duk tafiyar badala nake tunani, da Gidan Makama, da karofin Ƙofar Mata. Abin nunawa muna da shi. Hanyar zuwa mai sauƙi, da wurin zama, da mai sharewa kullum, su ne suka fi mu da su.

Rigar Osimhen da babban yaronka ya roƙa na samo, mai lamba 45. Ta shagon kulob ɗin ta fi ƙarfina a wannan watan, sai na sayi ta kasuwa, na duba ɗinkin da kyau, yadin ma ba laifi. Zan ba wani Alhaji na Kwari da zai taso ranar Alhamis, zan turo maka lambarsa in ya sauka. In zai dawo, don Allah a ba shi yajin ƙuli da kilishi, a ɗaure su da kyau a leda biyu.

Ƙaninka.