Tiger II ɗaya ko Panther biyu a filin taɓo? Ga abin da zan saya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko Tiger II ɗaya za ka saya ko Panther biyu, duka tankokin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu. Panther biyun nan za ka ɗauka, ka bar Tiger II a inda ka gan ta. Tunda ka ce karawar taku a wasan yaƙi na kwamfuta Combat Mission: Final Blitzkrieg ce, ƙasa ta jiƙe sharkaf, kuma makin da wasan ya ba ka na sayen kayan yaƙi ba zai saya maka duka ba, to maganin kafewar tanka yana wurin saye tun kafin a harba harsashi na farko. A wannan wasa babu motar ja, babu kuma umarnin da za ka ba wata tanka ta ɗaura wa 'yar'uwarta waya ta fizgo ta. In ta kafe, direbanta ne zai yi ta fama shi kaɗai, ko Allah ya sa ta fita, ko ta zauna nan har a tashi.

Ka fara da lissafin nauyi, shi ne tushen maganar. Panther tana da nauyin kusan tan 45, faɗin sarƙarta santimita 66. Tiger II ta kusa tan 70, sarƙarta santimita 80. Wato an ƙara mata rabin nauyin Panther a kai, amma faɗin ƙafarta bai ƙaru ba sai da kusan kashi ɗaya cikin biyar, tsawon sarƙar da ke taɓa ƙasa kuma kusan ɗaya ne. Sannan injin da ke jan su iri guda ne, Maybach HL230 mai ƙarfin doki 700. Dokin da aka ɗora wa buhu biyu da wanda aka ɗora wa uku ba za su fita daga laka lokaci ɗaya ba. Wasan yana duba nauyin da mota ke dannawa a ƙasa, da yanayin ƙasar, da irin gudun da ka ba ta, duk lokacin da ta motsa.

Na taɓa buga wata karawa da wani aboki ta hanyar aika fayil, shi da Amurkawa ni da Jamusawa, a taswira mai ƙauye a tsakiya da gonaki kewaye da shi. Panther biyu gare ni. Wajen minti na goma sha biyu na so in kewaya ta hagu, sai na bi da ɗaya ta gefen wata gona da aka yi wa huɗa. Tana kai wa wani ɗan kwari kusa da shinge sai ta tsaya cak, wasan ya nuna mini ta kafe. Gabana ya faɗi, domin a daidai lokacin ne na fara jin ƙarar injin Sherman, tankar Amurkawa, daga bayan gidaje. Ka san yadda wasan yake: ka ba da umarni, ka zauna ka kalli daƙiƙa 60 ba ka da ikon taɓa komai. Wannan minti ɗaya ya yi mini tsawo ƙwarai.

Abin da ya cece ni shi ne ina da ta biyu. Na janyo ta baya kan titi, na ajiye ta inda take kallon gefen dama na wadda ta kafe. Gaban Panther ƙarfe ne mai kaurin milimita 80 a karkace, harsashin Sherman yakan zame a kansa, amma gefenta bai wuce 40 zuwa 50 ba, kuma duk ɗan wasan da ya san abin da yake yi ta nan zai zo maka. Na sa turmi, wato ƙaramar igwa mai cilla harsashi sama, ya zuba hayaƙi tsakaninta da ƙauyen, na kwantar da rukuni guda na sojojin ƙasa a cikin shingen da ke hagunta don kada masu bazuka, makamin kafaɗa na harbin tanka, su lallaɓo. Ita kuwa, ko da take kafe, kanta yana juyawa, igwarta mai milimita 75 tana aiki lafiya lau. Sherman ɗaya ta leƙo ta kusurwar wani gida, ta ci wuta nan take. Bayan zagaye uku, wato minti uku, sai na ga tankar ta yi wani yunƙuri, ta fito. Wallahi har yau ina tuna daɗin da na ji. Na mayar da ita kan titi a hankali, ban sake sa ƙafarta a gona ba har muka gama.

Tiger II kuwa, ba zan hana ta haƙƙinta ba: gabanta milimita 150 ne, igwarta mai milimita 88 ba ta da tamka a filin. Sau ɗaya na zuba makina a kanta a taswira mai laka, ta kafe a bayan wani tudu tun kafin ta hango maƙiyi, daga nan ta mutu a wurin, na ƙarasa yaƙin da sojojin ƙasa kawai. Na yi nadamar sayen nan.

Wannan ba sharrin wasan ba ne, haka abin ya kasance a gaske. A watan Disamba 1944, lokacin farmakin dajin Arden da wannan wasa ya ɗauko, kwamandan Jamus Joachim Peiper ya sa Panther da Panzer IV a gaban ayarinsa, ya bar Tiger II a can baya, saboda ya san ƙananan hanyoyin Beljiyam da gadojinsu ba za su ɗauke su da sauri ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka bari, mai lamba 213, tana nan a ƙauyen La Gleize har yanzu. A watan Maris 1945 ma, kusa da tafkin Balaton a Hungari, laka ta riƙe manyan tankokin Jamus ta kashe wa farmakin gwiwa. Tun Tiger ta farko aka san matsalar: a Satumba 1942, kusa da Leningirad, ɗaya ta nutse a fadama, aka kasa ciro ta, daga baya su da kansu suka tarwatsa ta. Jawo Tiger ɗaya mai tan 57 yakan ci manyan motocin ja masu rabin sarƙa har uku, aiki ne na awoyi, galibi da dare. Shi ya sa ba ka ga wannan a karawar da ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba.

Ka rarrabe abu biyu, don sababbin 'yan wasa suna haɗa su. Kafewa ta ɗan lokaci ce, tankar tana ƙoƙarin fita da kanta, tana iya fita a zagaye na gaba, tana iya ɗaukar mintuna. In ƙoƙarin ya ci tura sai ta koma wadda ba ta motsi kwata-kwata, wannan kuma ba ya gyaruwa har ƙarshen karawar. Ko a hakan kada ka yi gaggawar fitar da mutanen ciki. Tankar da ta tsaya a wuri mai kyau ta zama ganuwa mai igwa, ka gina tsaronka kewaye da ita. Sai in ka ga an kewaye ta babu makawa, sannan ka fitar da su ka tsira da rayukansu. Wasu suna rantsuwa cewa ba ta umarnin ribas yana taimakawa. Ni ma nakan yi, ko ba komai in ta fita ta koma ta inda ta shigo maimakon ta ƙara nutsawa gaba.

Nan ne kuma zan ja maka kunne kan motocin da ba su da kai mai juyawa, irin su StuG III da Jagdpanzer IV. Sun fi araha, za ka ji kwaɗayin cike sauran makinka da su. Amma igwarsu ba ta karkata sai kaɗan hagu da dama, dole motar gaba ɗaya ta juya kafin ta saita. In irin wannan ta kafe tana kallon inda babu kowa, ta zama gunki. A busasshiyar ƙasa ina son su, a laka ba na kusantarsu.

Wajen tuƙi, ka riƙe titi muddin akwai shi. In dole ka sauka, ka ba da umarnin tafiya a hankali, kada ka ba da na gudu. Ka sauko da kyamara har ƙasa ka duba hanyar kafin ka ja layi: kwari, bakin rafi, mashigin ruwa da gonar da aka huɗa su ne wuraren da suka fi cin tanka. Ka rage yawan juye-juye a cikin laka. Kada kuma ka jera duka biyun a siririyar hanya ɗaya ko bakin gada, don in ta gaba ta tsaya ta toshe wa ta baya. A abin da na lura, ƙwararrun ma'aikata sun fi sababbi fita daga irin wannan hali, don haka in maki ya rage maka, gara ka ɗaga ƙwarewar mutanen Panther ɗin da ka ƙara wata mota.

   

Saboda haka Panther biyu, da turmi mai hayaƙi, da sojojin ƙasa da za su tsare musu gefe. Ɗaya ta motsa, ɗaya ta tsaya tana gadinta. Ka ajiye sha'awar Tiger II sai ranar da kuka zaɓi taswirar da ƙasa ta bushe ko ta daskare. In kun gama ka dawo ka ba mu labarin yadda ta kaya.