Ruwa a huhu saboda ciwon zuciya: wace na'urar numfashi za a saya?

Idan zuciya ta gaza tura jini, sai ya taru a jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo inda iska ya kamata ta zauna. Za ka ga mara lafiya ya ƙi kwanciya, ya jingina da filo uku yana haki, wani lokaci tarin ma da kumfa. A Arewa ana yawan ganin wannan ga masu jego, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego.

Kafin a ciro kuɗi, a sani cewa babu na'urar numfashi da ke kwashe ruwan. Wannan aikin allurar sa fitsari ce, irin su Lasix, a asibiti. Na'ura tana riƙe mutum ne kafin magani ya kama.

Abin da ake iya ajiyewa a gida oksijin ne, shi ma sai likita ya rubuta. Galibi ana ba da shi idan ma'aunin oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa ya nuna ƙasa da kashi 90. Na'urar da ke tace oksijin daga iska, mai ba da lita 5 ko 10 a minti, ba ta buƙatar ciko, amma da an ɗauke wuta ta tsaya. Tukunyar oksijin ba ruwanta da NEPA, sai dai takan ƙare, kuma ba a ajiye ta kusa da murhu ko mai shan taba. A ganina wanda ba shi da sola ko janareta ya fara da tukunya. Mai hali ya haɗa biyun.

A asibiti kuwa akwai na'urori biyu masu taimaka wa numfashi, CPAP da BiPAP. CPAP kan tura iska da matsi ɗaya ta takunkumi mai kama fuska sosai. BiPAP matsi biyu gare ta, na shaƙa da na fitarwa, ta fi amfani ga wanda ya galabaita. Wani babban bincike a Birtaniya a 2008 ya nuna duka biyun suna saurin sauƙaƙa haki, ba kuma wadda ta fi wata ceton rai. Amma suna iya saukar da matsin jini ƙasa, kuma ba a sa wa mai amai ko wanda ya fita hayyacinsa. Kada mai shago ya tallata maka CPAP ta masu minshari a matsayin maganin wannan.

Na'urar da ake zura bututunta a maƙogwaro kuwa ta sashen kulawa ta musamman ce, ba ta saye ba. Gara ka binciki wane asibiti kusa da kai ke da ita tun mara lafiyar na zaune lafiya.