Ryzen 7 7800X3D: furosesar da na ɗora kwamfutar wasata a kanta

Duk mai haɗa kwamfutar wasa mai ƙarfi, hankalinsa na kan katin hoto, kuma da gaskiyarsa tunda shi ya fi cin kuɗi. Sai dai kati ba ya wuyar canzawa: a zare tsoho, a soka sabo, magana ta ƙare. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da madabod (babban falankin da duk sassa ke hawa kansa) su ne ake zama da su shekara da shekaru, kuma a kansu na fi daɗewa ina tunani kafin na tsaya kan Ryzen 7 7800X3D.

AMD ta fitar da ita a Afrilun 2023. A takarda ba ta da wani abin a zo a gani: ƙwayoyin aiki 8, gudun da ke kaiwa 5.0 GHz. Akwai waɗanda suka fi ta yawan ƙwayoyi, akwai waɗanda suka fi ta gudu. Ƙarfinta yana cikin kash, wato ƙaramar ma'ajiyar da ke jikin furosesar kanta. An ɗora ƙarin 64MB a kan 32MB na asali, ya zama 96MB, fasahar da kamfanin ke kira 3D V-Cache. Kamar makaniken da sufanunsa ke aljihu ne, ba sai ya riƙa tashi zuwa sito ba. Wasanni na yawan neman bayanai iri ɗaya a kai a kai, to idan suna kusa, furosesa ba ta tsayawa jiran RAM, wato babbar ma'ajiyar wucin gadi da ke wajenta.

Inda na fi jin wannan a jikina shi ne ɗan sarƙewar nan da wasa ke yi idan abubuwa suka cika allo. A Microsoft Flight Simulator, saukowa kan babban birni yana tafiya sumul. Haka ma babi na uku na Baldur's Gate 3, inda titunan birni ke cike da jama'a. Wannan santsin ya fi mini muhimmanci a kan yawan firem, wato hotunan da allo ke nunawa a kowane daƙiƙa, da ake kuri da shi. Amma in faɗi gaskiya, wanda ke wasa a 4K da komai a ƙure, katin hoto ne zai fara gajiya, kuma tazarar da ke tsakanin wannan furosesa da takwarorinta sai ta ragu sosai.

Zancen daɗewa kuwa, abu biyu ne suka ja ni. Na farko wuta da zafi. An rubuta mata 120W, amma a cikin wasa da wuya ta kusanci 100W. Iyakar zafinta digiri 89, kuma saboda kash ɗin yana saman ƙwayoyin, takan nuna ɗumi fiye da yadda cin wutarta zai sa mutum ya zata. Ba abin tsoro ba ne. Na ɗora mata Noctua NH-D15, mai sanyaya da iska, kuma ya wadatar. Na guji mai ruwa da gangan, domin famfonsa na iya mutuwa wata rana, alhali tulin ƙarfe ba abin da zai same shi sai ƙura. Ba a haɗo ta da fanka a kwali, a san da wannan kafin a yi lissafi.

Na biyu shi ne soket, wato mazaunin furosesa a jikin madabod. Soket ɗin AM4 ya fito a 2016, kuma har 2022 AMD na zuba masa sababbin furosesoshi irin su 5800X3D. Mutane da yawa masu madabod na 2017 sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kawai suka yi suka hau ta. AM5 da 7800X3D ke zama a kai ya fito a 2022, kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da tallafa masa aƙalla har 2027. An fara ganin alamar cika alkawarin, tunda 9800X3D ta Nuwamban 2024 a wannan soket ɗin take shiga. Ga mai son kwamfutar da zai riƙa ƙara mata ƙarfi sannu a hankali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin komai a sabunta BIOS. A watan da ta fito an samu rahotannin ƙonewar wasu furosesoshin saboda ƙarfin wutar da ke shiga wani sashensu mai suna SoC ya yi yawa, daga baya aka ƙayyade shi a 1.3V. RAM irin DDR5 kaɗai take karɓa. Na sa mata sanda biyu masu 16GB kowace, gudun 6000 da CL30, na kunna EXPO, saitin BIOS da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa. Sanda huɗu na wahalar da ita a wannan gudun, gara biyu manya. A kunnawar farko allo kan yi baƙi na ɗan lokaci yayin da madabod ke daidaita RAM, kada a yi gaggawar kashewa.

Ba ta kowa ba ce. Mai sana'ar tace bidiyo ko zanen 3D zai fi morar 7950X mai ƙwayoyi 16. Mai sha'awar tura furosesa fiye da gudunta na asali shi ma zai ji an ɗaure masa hannu, sai dai ya karkata ga 9800X3D, wadda aka mayar da kash ɗinta ƙasan ƙwayoyi aka kuma buɗe mata wannan ƙofar.

Rarar da na samu da na ƙi bin furosesa mai ƙwayoyi 16, na zuba ta a na'urar raba wuta, wadda ke ba duk sassan kwamfuta lantarki, kuma ina roƙon kowa ya yi haka. Katin hoto RTX 4090 na jan 450W, RTX 5090 kuwa 575W. A nemi na'urar raba wuta mai ƙa'idar ATX 3.1, 1000W idan irin waɗannan katunan ake hari, mai garantin shekara 10. Wayar 12V-2x6 da ke shiga katin a tura ta har ƙarshe sai an ji ta kama, kuma kada a lanƙwasa ta dab da bakin filogi.