Garin tsirrai a abincin salwa: abin da na gani bayan wata uku

Tun da na fara kiwon salwa, abin da ya fi damuna shi ne yawan zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da zarar kashinsu ya saki. Duk lokacin da aka ba su, sai an jira kwanakin da aka ƙayyade kafin a ci ƙwan ko a sayar, ga kuma ƙwayoyin cutar da ke sabawa da maganin har ya daina yi musu komai. Wannan ne ma ya sa Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙara girma tun shekarar 2006. Don haka na sayi wani gari da aka haɗa daga man origano (wani ganye mai ƙamshi da ake sa wa a girki), tafarnuwa da kirfa, na ce bari in gwada.

Ban ba su duka ba. Na raba su keji biyu, ƙyanƙyasa ɗaya, abinci ɗaya, haske awa 16 kowace rana, sai dai keji ɗaya da garin, ɗayan babu.

Canjin farko a ƙasan keji na gan shi. Cikin kwana goma kashin waɗanda ke cin garin ya daure, ya daina manne wa raga, warin da ke yaji a ido da safe kuma ya ragu sosai. Ban yi mamaki ba, domin sinadaran karbakrol da taimol da ke cikin origano an san suna danne wasu miyagun ƙwayoyin cuta na hanji. Wanda ya taɓa kankare kashin salwa da ya daskare a faranti zai san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda aikin yake shi ne awo da gaurayawa. Babbar salwa ba ta wuce cin giram 25 zuwa 30 a rana, garin da zai faɗa rabonta kuwa ɗan mitsitsi ne. Idan aka zube shi kai tsaye a buhu, wata ta ci da yawa, wata ko ƙamshinsa ba za ta ji ba. Sai da na koma auna shi da ƙaramin sikeli, in cuɗa da kofi ɗaya na abinci, in juye a kilo biyu, sannan in haɗe da sauran. A mako na uku na ninka adadin da aka rubuta a jikin leda, ina zaton zai ƙara amfani. Da safe na tarar suna tona abincin da baki suna watsarwa, mazubin a cike kamar yadda na bar shi. Ƙwai ya ja baya, kuma wanda na dafa ya ɗan taso da warin tafarnuwa. Kusan mako guda suka ɗauka kafin su dawo daidai. Ledar ma ba ta da zik, kuma waɗannan mayuka ƙamshinsu na gudu da zafi da iska, dole na juye garin a kwalba mai murfi na ajiye a inuwa.

Maganar ƙarin ƙwai da aka rubuta da manyan haruffa a jikin ledar, ni dai ban gani ba. Kejin biyu tafiyarsu ɗaya, ƙwan kuma yana nan tsakanin giram 10 da 12. Lokacin da ɓawon ya fara laushi, garin bai yi komai ba sai da na gyara sinadarin kalsiyam na abincin, wanda mai ƙwai ke bukatar kusan kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari. Wannan alƙawari nasu ya ɓata min rai, don sabon makiyayi zai iya dogara da shi ya yi sakaci da ainihin abinci.

Ranar da salwa biyu suka takure a lungu, gashi a tashe, ido a lumshe, ban tsaya jiran gari ba, na kira likitan dabbobi. Salwa na da wani ciwon gyambon hanji mai saurin kisa, kuma magani na gaske yake bukata.

Zan sake saye. Amma 'yan tsaki zan riƙa ba wa, daga makon farko har su kai mako shida su fara ƙwai, da kuma duk lokacin da zan sauya musu keji, don a nan ne cikinsu ya fi lalacewa.