Mai waldan da ya mayar min da tsohon girinhaus ɗakin tsuntsaye

Duk wanda ya shigo gidanmu kwanan nan ya leƙa garka sai ya tambaye ni wa ya yi aikin ɗakin tsuntsayen ga, har na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau, wanda zai ba mutumin aiki ya san da wa zai yi hulɗa. Sunansa dai ba zan faɗa ba don akwai inda zan ɗan taɓa shi, kuma mutumin kirki ne wallahi, bana son ya ji babu daɗi.

Asalin wurin girinhaus ne, irin ɗakin ledan nan na noman tumatir da kokumba, Yayana ya kafa shi shekarun baya lokacin da abin ke tashe, ya yi noma sau biyu ko uku anka maida shi Birnin Kebbi da aiki, shi ke nan wuri ya zama na kadangaru. Rana da iskar hunturu sunka yayyaga ledar, sai ƙarafan tsaye kamar haƙarƙarin raƙumi. Faɗinsa ƙafa 12, tsawo ƙafa 26. Ni kuma ina da 'yan finci, ƙananan tsuntsayen nan masu cin tsaba, a keji uku a baranda, irin da ake kira zebira guda goma sha wani abu da irin da ake kira sosayati shida, kullum da safe ƙaiƙayin gero ko'ina, uwargida ta share ta share har ranar da ta ce Malam ko ni ko tsuntsayen ga. To kun san amsar.

Kafin shi na kira wani mai waldan daban, yana zuwa ko taɓa ƙarfen bai yi ba ya ce a rushe duka a sayi sabo. Shi kuwa wanga da ya zo a kan mashin ɗinsa da tef a aljihu, sai da ya bi paif ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana, ya tona gindin guda huɗu ya duba tsatsa, sannan yac ce "Alhaji ƙarhen ga lahiyarshi lau, biyu kawai munka iske sun ci ƙasa, kak ka bari kowa shi cuce ka." Nan take na ji ya kwanta min. Mutumin da zai iya cin kuɗinka ya ƙi ci, ai ka riƙe shi. Munka yi ciniki, na ba da kafin alƙalami, yac ce kwana goma an gama.

Kwana goma. Hmm. Za mu dawo kan wannan.

Rigimarmu ta farko a kan rufi ce. Shi a tunaninsa tunda da can leda ce sai a sake sa sabuwar leda mai kauri, ko a bi duka da kwano a huta. Ni ma gaskiya da farko na so in ruɗe saboda bidiyoyin da nake kallo a intanet yawanci na mutanen Ingila ne, su za ka ga sun bar gilashin yadda yake har suna ƙara hita a ciki, don su sanyi ne matsalarsu. Mu a Sakkwato fa? Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa ma, kuma shi girinhaus an yi shi ne musamman don ya kama zafin rana ya riƙe, to ka zuba tsuntsu mai nauyin giram 12 ko 13 a ciki da azahar ai ba kiwo kake ba, gashi kake. Eh na sani zebira asalinta daga busassun yankunan Ostiraliya take, tana da juriyar zafi fiye da tsuntsaye da yawa, amma can a daji tana da inda za ta gudu ta shiga inuwa, a cikin leda ina za ta?

Abin da munka tsaya a kai shi ne kwano a kusan rabin tsawon, ta ɓangaren gabas, an ɗaga shi an bar tazara iska na wucewa ta ƙasansa, an shimfiɗa zana biyu a samansa an ɗaure da waya don kada kwanon ya yi ta zuba musu wuta. Sauran rabin raga ce da koren net ɗin inuwa a kai. Bangon gabas ɗin kuma munka toshe shi gaba ɗaya da bulo, kuma nan dole in yaba masa don shawararsa ce, ni ban ma kawo ba. Yac ce "Alhaji hadari daga gabas shi ka tasowa, hunturu ma ta gehen nan ta ka bugowa, in ka bar nan buɗe ka kashe su." Gaskiyarsa. Damina ta zo ta wuce da irin iskar nan mai ɗauke rufin mutane, gidajen tsuntsayen ko jiƙewa basu yi ba. Gefen arewa na rataya asabari, in sanyin Disamba da Janairu ya shigo in sake shi da magariba in naɗe da hantsi. Yamma kuwa Allah ya taimake ni akwai dogon yaro babba da ke tare ranar la'asar.

Sai maganar raga, nan ne raina ya ɓaci sosai. Na ce masa ragar rabin inci, mai murabba'i, wadda anka yi wa walda a kowace mahaɗa, har hoto na nuna masa a waya. Na dawo daga aiki na iske yaransa sun riga sun ja ragar kaji a gefe guda, irin mai manyan idanun nan da ake wa kejin kaji da zabbi. Na ce Malam wannan fa? Yac ce ai duk raga ce kuma wagga ta fi araha ya ce bari ya rage min kashe kuɗi. Na shiga na ɗauko ɗan zebira guda a hannu na nuna masa kan, nic ce dubi wanga kan, dubi wanga rami. Ya yi shiru, can sai yac ce "to Alhaji tsuntsu na ko zinari?" Dariya ta kama ni duk da haushin. Anka kwance, amma mai shago ya ƙi karɓar wadda anka riga anka yanka, asarar ta hau kaina, har yanzu tana nan naɗe a sito. Tun daga ranar na daina ba shi kuɗin kaya, da kaina nake zuwa Sabuwar Kasuwa in sayo in kawo, shi aikin hannu kawai. Kuma duk mai son irin wanga aiki haka nake ba shi shawara ya yi, ba don mutumin zai ci kuɗinka ba, a'a, don bai san tsuntsu ba ne, ƙarfe ya sani.

Daga ƙasa zuwa ƙafa uku na sa anka ninka da ragar kwata inci. Rabin inci tana hana finci fita amma ɗan ɓera ƙarami na iya kutsawa, kuma inda ɓera ya bi maciji ma zai gwada. Wani abu kuma da yaransa sunka yi ta min dariya a kai, sabuwar raga tana zuwa da wani farin sinadari a jikinta na hana tsatsa, zink, wanda in tsuntsu na tsattsagarsa yana iya zame masa guba, to sai da na sa anka goge ta da ruwan khal da buroshi anka ɗauraye anka bar ta ta sha rana. Ɗaya daga cikin yaran har cewa ya yi oga yau raga ake wa wankan amarya. Na ƙyale shi. Fenti ma jan nan na hana tsatsa kawai anka shafa a wuraren walda, na bari ya bushe sati biyu wari ya fita kafin in saki ko tsuntsu ɗaya.

Wajen tsafta kam ban ba su maki ba ko kaɗan. Guntayen waya, ƙarshen rodin walda, 'yan dunƙulen ƙarfe da ke tartsatsi, duk a ƙasa sunka bari sunka tafi. Sai da na ciro maganaɗisun tsohuwar sifika na ɗaura a igiya ni da yarana muna ja a ƙasa kamar masu kamun kifi, abin da munka tara ya kusa cika gwangwanin madara. Bakin ragar ma wurare da yawa ba a lanƙwashe ba, tsini a waje, ni da filaya na bi.

Amma ƙofa, kai jama'a, ƙofa ya yi aiki. Na ce ina son ƙofa biyu, ka shiga ta farko ka rufe kana cikin ɗan lungu sannan ka buɗe ta biyu, don finci in ta samu kafa ta fice ba kiranta za ka yi ta dawo ba kamar tattabara. Da farko ya ɗauka almubazzaranci ne, da ya gane dalili sai ya ƙara nasa, ya yanko tsohon tif na tayar mashin ya ɗaure ta yadda ƙyauren ke ja ya rufe kansa ko yaro ya manta, ya sa sakata ciki da waje, ƙofar ciki kuma ya yi ta gajera sai ka ɗan sunkuya, wai tsuntsu sama ya ke bi in ya firgita. Ban san inda ya samo wannan ba amma daidai ne. Waldarsa kuma sumul, ba irin mai kumburi kamar miki ba, ka jijjiga ginin ko motsi.

Daɓen ƙasa ba shi ya yi ba, wani birkila abokinsa ya kawo, kuma da na sani da ban yarda ba. Na sa an kwashe tsohuwar ƙasar wajen taƙi ɗaya saboda shekarun da Yaya ya yi yana feshin maganin ƙwari a wurin, su kuma finci yini suke suna kiwo a ƙasa. Birkila ya zuba kankare ba gangare, in na wanke ruwa ya kwanta a tsakiya, sannan a kusurwar kudu ya bar wata 'yar kafa tsakanin siminti da ƙarfe da ban lura ba. Sati uku da sakin tsuntsaye na shiga da asuba na iske kashin ɓera a kwanon gero, gida ɗaya an fasa ƙwai huɗu, uwar na can saman reshe tana ta kuka. Ranar ko karin kumallo ban iya ba. Na kira mai walda ina faɗa, bai yi musu ba, da la'asar sai ga shi da siminti rabin buhu da guntun ƙarfe, ya toshe da hannunsa ya zagaye ginin duka yana cusa biro a duk inda ya ga rami, wai in biro ya shiga ɓera ma zai shiga. Ko sisi bai karɓa ba, na ba shi kuɗin mai ma sai da na matsa. Gangaren dai har yau babu, da tsintsiya nake korar ruwa.

To kwana goman nan, sati biyar ta zama. Yau babu wuta, gobe janareto ya ƙi tashi, jibi an yi rasuwa a ƙauyensu, wata rana waya a kashe tun safe har dare, kuma na san sarai wani aikin get ya karɓa a wani wuri don na gan shi da idona ina wucewa a mota, ya juya baya kamar bai gan ni ba. Sai dai kuɗin aikin da munka yi da shi tun farko bai ƙara ko naira ba duk da aikin ya ƙaru, wannan kuma a zamanin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu wata bakwai ke nan. Gidajen ƙwai 'yan goruna ne da ƙananan ƙwarya na sayo a Kasuwar Kara na huda na rataya ƙarƙashin kwano, na zuba musu busasshiyar ciyawa suna ɗiba da kansu. Zebira ba ta wasa, ƙwai huɗu zuwa shida, kwana 12 zuwa 14 ta ƙyanƙyashe, sati uku ka ga 'ya'ya sun fito da baƙin baki suna bin uba suna ihu, har na fara cire wasu gorunan don kada matan su ƙare. Gero da acca nake ba su, da ɓawon ƙwai da anka dafa anka daka, da ganyen zogale ko latas, in na samu kan ciyawar daji mai 'ya'ya a damina kuwa ranar sallarsu ce. Kasko biyu na ruwa a ƙasa don wanka, lokacin zafi sau biyu nake canzawa kuma in jiƙa buhun algarara in rataya a gefen da iska ke shigowa. Na sa ƙaramar fitilar sola mai dishi-dishi saboda mussar maƙwabta da ke hawa rufi da dare, in sun firgita cikin duhu suna buga kansu a raga. Da safe kuma 'yan tsuntsayen daji irin su baiwar Allah da asisi na zuwa ta waje suna tsintar abin da ya zubo, yara sun so mu kama su mu ƙara na ce a'a, waɗannan na Allah ne a bar su su yi yawonsu.

Zan sake ba shi aiki? Zan ba shi, har na ma yi masa maganar ɗan keɓaɓɓen wuri na ware marar lafiya da sabon zuwa. Amma kaya ni zan sayo, birkila ni zan nemo, kuma ranar da za a ja raga ina tsaye.

Shekaranjiya ya biyo karɓar guduma da ya manta, ya daɗe tsaye jikin raga yana kallo, can yac ce "Alhaji ɗiyata ta dame ni, ko za ka taimaka man da mace da namiji?" Nic ce babu komai Malam, je ka haɗa keji ka kawo in gani tukuna. Har ya hau mashin ya tada, sai ya waiwayo yac ce ragar kajin nan da ke sito fa, tana nan?