Kafin ka sayi injin tace iska saboda hazo

Da hunturun bara na yi wani ciniki da har yanzu in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Hajiyarmu ce tari ya matsa mata, irin busasshen nan mai hana barci, ga hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar farin faifai a sama. Na shiga wani shagon kayan lantarki, yaron shagon ya ɗauko min wani ɗan inji kamar gwangwanin madara, mai shuɗiyar fitila, ya ce, "Alhaji, wannan ba ruwanka da canjin komai, wanke iskar ɗaki yake yi tas." Na biya na kawo gida. Kwana biyu Hajiya ta kira ni ta ce, "Kai, zo ka ɗauke min abin nan, ƙauri yake yi kamar rumfar mai walda." Ita ce da gaskiya. Abin da hancinta ya jiyo iskar ozon ce, wadda ita kanta tana fusata huhu. Na je neman magani na sayo ƙarin ciwo.

Abin da na koya daga nan shi ne, kafin mutum ya zaro kuɗi, ya fara sanin wace irin ƙura yake faɗa da ita, domin abin da ke shawagi a iskarmu ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wadda iska ke ɗaukowa a yadda take. Babban tushen hazon da ke sauko mana tsakanin Nuwamba da Maris shi ne ƙwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta ƙara ƙarfi, ta share busasshen gindin tsohon tafkin Chadi na dubban shekarun da suka wuce. Farar ƙasar wurin ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa ce, shi ya sa ba ta da nauyi, take tafiya mai nisa. Wani kaso nata yakan tsallake Tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon, ya zame masa taki. Abin da ya hana Hajiya barci a Kano, shi ne abincin bishiya a Brazil. Hayaƙin itace da gawayi da bolar da ake ƙonawa a lungu da kunkunniyar salansar mota, su ma a wannan rukunin suke: daga tushe a ƙwayarsu suke fitowa.

Rukuni na biyu ya fi ban mamaki, domin ba a ƙura yake fitowa ba. Iskar gas ce da ido ba ya gani, sai ta shiga sararin sama, hasken rana da danshi su sarrafa ta, ta dunƙule ta zama ƙwaya. Man dizal mai farar wuta a ciki in ya ƙone yana fitar da gas ɗin farar wuta. Wannan gas ɗin yakan rikiɗa ya zama ɗigon asid, ya haɗu da amoniyar da ke tashi daga taki da kashin dabbobi, su zama ƙananan ƙwayoyin gishiri masu yawo. Irin waɗannan ƙwayoyin ne suka fi ƙanƙanta, kuma su ne suka fi nutsawa cikin huhu.

Masu nazarin yanayi sun damu da su ƙwarai, saboda kusan duk ɗigon ruwan da ke cikin gajimare a jikin irin wannan ƙwayar yake fara taruwa. Masu haske a cikinsu suna mayar da hasken rana sama, su sanyaya ƙasa. Lokacin da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a watan Yunin 1991, ya watsa tan miliyan 15 zuwa 20 na gas ɗin farar wuta can ƙololuwar sama, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Baƙar kunkunniya kuwa akasin haka take yi, zafi take zuƙa. Mu ma abin ya taɓa mu: masana da dama suna ganin hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin Atlantika ya tura damina kudu, yana da hannu a farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980.

To, me ya haɗa wannan da ciniki? Girman ƙwaya. A jikin kwalin duk abin da za ka saya za ka ga PM10 ko PM2.5. Lambar faɗin ƙwaya ce da ma'aunin maikiromita. Silin gashin kai ɗaya yana kai maikiromita 50 zuwa 70. PM10 ita ce wadda kake rubuta sunanka a kanta a gilashin mota. Gashin hanci da majina suna tare wani kaso nata. PM2.5 ba ta kwanciya da wuri, ba ta tsayawa a hanci, har can ƙarshen huhu take kaiwa. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicin PM2.5 na yini guda ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska ba, na shekara kuwa 5. Hazo yana ɗauke da duka biyun, hayaƙi kuwa kusan duk ƙananan ne.

Takunkumi

Shi ne mafi arha, kuma ga wanda yake yini a waje, ɗan adaidaita sahu ko mai tebur a bakin titi, ya fi kowane inji amfani. Rawani da gefen mayafi da takunkumin yadi suna tare manyan ƙwayoyi, ba laifi, amma ƙananan ratsa su suke yi. Shuɗin nan na asibiti yadinsa yana tacewa, sai dai gefe da gefensa a buɗe yake, iska kuwa hanya mai sauƙi take bi. Wanda ake nema shi ne mai alamar N95 ta Amurka, ko FFP2 ta Turai, ko KN95 ta Sin, ko KF94 ta Koriya ta Kudu. Dukkansu kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari suke tarewa, bambancinsu bai kai a yi gardama a kai ba. Zamansa a fuska shi ne magana. Saka shi, matse ƙarfen kan hanci, ka rufe da tafin hannu ka fesar da numfashi. In ka ji iska na fita ta gefen ido, ko tabarau ya yi gumi, bai zauna ba. Mai igiyar da ke zagaye ƙeya ya fi mai rataya a kunne kamawa. Masu gemu kuwa sai haƙuri, gashi yana buɗe kafa, kariyar takan ragu. Kuma ba a wanke shi, ruwa da sabulu suna kashe ƙarfin da yadin ke jan ƙura da shi. Jabu ya cika kasuwa tun zamanin korona. Na N95 na gaskiya akwai tambarin NIOSH, hukumar Amurka mai tantance su, da lambar amincewa a jikin takunkumin kansa, ba a kwali kaɗai ba.

Injin mai mataci

A nan ne kuɗi ke tafiya, a nan kuma ake yawan cinikin biri a sama. Injin tace iska na gaskiya ba komai ba ne illa fanka da mataci. Matacin da ake kira HEPA, a ma'aunin Amurka, yana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da faɗinsu yake maikiromita 0.3, a ma'aunin Turai za ka ga H13 ko H14. In ka ga an rubuta wani abu mai nufin "irin na HEPA" ko "mai kama da HEPA", ajiye musu kayansu.

Amma kyawun mataci kaɗai ba ya isa, sai fankar ta iya tura iska mai yawa ta cikinsa. Lambar da ke nuna wannan ita ce CADR, wato yawan tatacciyar iskar da injin ke bayarwa a awa guda. Lissafin ba wuya. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, iskar cikinsa mita kubik 48 ce. Kana so a juya ta kamar sau biyar a awa, ka ga kana neman injin da lambarsa ta kai mita kubik 240 a awa. Lura, lambar da ke kwali ta lokacin da injin ke gudu ne a ƙarshen ƙarfinsa, lokacin da ƙararsa ba za ta bar mai ɗaki ya runtsa ba. Saboda haka gara ka sayi wanda ya fi ƙarfin ɗakin, ka riƙa kunna shi a matsakaici. Injin da ba a rubuta wannan lambar a jikinsa ba, ni dai ba na ko tambayar kuɗinsa.

Abu biyu ne suka shafe mu da masu rubuta tallar waje ba su damu da su ba. Na farko wuta. Yawancin na ɗaki ɗaya ba su wuce wat 30 zuwa 60 ba, kusan daidai da fankar tsaye, don haka ƙaramar inbata ko sola tana ɗauka. Amma kunna janareto a bakin taga don a tace iska, ɗiban ruwa ne da kwando. Na biyu, matacin canji. Kamfani zai ce wata shida ko shekara, amma ba da hazon Kano ko Damagaram aka yi wannan lissafin ba. Kafin ka biya, ka ce mai shago ya nuna maka matacin canji a hannu, ya faɗa maka kuɗinsa. Kamfanoni irin su Xiaomi da Philips da Levoit duk suna da injuna masu kyau, amma wanda ake samun matacinsa a garinku shi ne naka. Ka kuma zaɓi mai ragar gaba da ake cirewa a wanke, ita za ta tare manyan ƙwayoyin hazo ta tsawaita ran matacin ciki.

Wasu suna da shimfiɗar gawayi na musamman mai zuƙe wari. Yana taimakawa in gawayin yana da kauri, amma siririn da ake mannawa a masu arha nan da nan yake ƙoshi. Abin da ya wajaba a ji da kyau: babu ɗaya daga cikin injunan nan da ke cire gubar hayaƙin janareto ko ta kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi. Wannan gas ce marar wari marar launi, tana kisa cikin barci, mataci ba ya ganinta.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da mafita. A 2020 wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka yaɗa dabarar haɗa fanka mai kusurwa huɗu da matatai huɗu masu lambar ƙarfin tacewa ta MERV 13, a liƙe su da salatif kamar akwati, fankar a sama. Ba shi da kyan gani kuma yana da ƙara, amma yana tura iska fiye da injuna da yawa masu tsada. Wahalarsa a wajenmu samun matatan. Masu harkar manyan na'urorin sanyaya gine-gine ake tambaya.

Waɗanda zan ce a yi hattara da su

Irin wanda na saya wa Hajiya, mai sakin cajin lantarki a iska ba tare da mataci ba, ba ya kwashe ƙura, manna ta yake yi a bango da labule, wasunsu kuma suna fitar da ozon. Abin bai tsaya nan ba. In ozon ta haɗu da ƙamshin lemon tsami ko na itacen fayin (pine) da ke cikin turaren fesawa da ruwan goge daɓe, sai su haifar da sababbin ƙananan ƙwayoyi, wato irin aikin da ke faruwa a sararin sama ka kawo shi cikin ɗakinka. In injin mai mataci ya zo da wannan maɓallin a matsayin ƙari, kashe shi kawai.

Injin danshi mai fitar da farin tururi mai sanyi yana sauƙaƙa bushewar hanci da fashewar leɓe, amma in ka zuba masa ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirin ruwan yake fesawa a iska, ka wayi gari farar hoda ta rufe madubi. Sai da tataccen ruwa marar gishiri. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ragarta ta kare injinta ce, ba huhunka ba.

Na'urar awo

Ƙaramar na'ura ce mai haska leza a cikin iska tana ƙirga ƙwayoyi, irin su PurpleAir da AirGradient da AirVisual na kamfanin IQAir. Ba ta tace komai, amma tana tona asiri. Da na ajiye ɗaya a falo, ba hazo ne ya fi ɗaga lambar ba. Turaren wuta ne bayan magariba, da maganin sauro na kunnawa, da suyar da ake yi ƙofar kicin a buɗe. Uwargida ta ce ita dai ba za a raba ta da turarenta ba. Muka yi sulhu, ana turara falo taga a buɗe, ɗakin Hajiya kuma a rufe. Sai dai masu arhar cikin na'urorin awon sun fi gwaninta a hayaƙi, manyan ƙwayoyin hazo ba sa ƙirga su da kyau. Ranar da gari ya yi fari fat amma na'ura ta nuna lamba ƙasa, idonka za ka gaskata.

In kuɗin kaɗan ne, ni ga yadda zan jera su: takunkumi mai kyau ga masu fita, sai toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da soso ko tsumma mai laima, da goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Bayan nan inji mai HEPA guda ɗaya, a ɗakin kwanan wanda ya fi rauni, tsoho ko jariri ko mai asma, ƙofa a rufe. Falo ya jira. Na'urar awo ta ƙarshe ce, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku riƙa karɓa-karɓa.

Ranar da ka kawo injin gida kuma, buɗe bayansa kafin ka jona. Sabon mataci a cikin leda yake zuwa. Ƙanena sai da nasa ya yi wata guda yana aiki, yana ta yabonsa, kafin ya gano bai cire ledar ba.