Hattara da mai tallar filin zinare a Agege

'Yan uwa na Agege da Mile 12, musamman 'yan canji da masu fataucin shanu, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo da jakar takardu yana neman a zuba kuɗi a wani filin zinare, wai a Zamfara. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo rumfar yayana, ya zazzage 'yan ƙwayoyin zinare a kan farar takarda ya ce, "Alhaji, da hannu aka tsinto wannan."

Daga nan ya zaro kalkuleta. Wai an sayi wata mahaƙa a Ghana kan dala kaza kowane oza, nasu filin kuma oza kaza ne, Alhaji ya ninka da kansa ya gani.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne hanyar lissafin ta gaskiya ce. Masana kan duba nawa aka sayi makamancin fili, su raba da yawan ozan da aka tabbatar a ƙasa. Amma ba a yi wa ɗan maraƙi kuɗin bijimi. Mahaƙar da ya kawo misali tana aiki, da injinta na niƙa dutse da hanya da wuta. Nasa kuwa daji ne. Zinaren da ba a haƙo ba, ɗan ƙaramin kaso na farashin kasuwa ake biya masa, don akwai ɗawainiyar shekaru a gaba.

Na ce masa, "Malam, giram nawa ake samu a tan ɗaya na dutse? Wa ya auna?" Nan take wayarsa ta shiga kunne.

Ƙwayoyin nan ma ba hujja ba ne. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu, ashe barbaɗa zinare ake yi a samfurin dutsen Busang na Indonesiya, dukiyar mutane ta salwanta.

Duk wanda mai jakar nan ya zo masa, ya nemi lambar lasisi ya tantance a ofishin Mining Cadastre da ke Abuja, mai ba da lasisin ma'adinai, ya kuma lura cewa lasisin bincike daban, na haƙa daban. Ya tambayi hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari ko ta san da zaman jarin. Yayana dai bai ba da ko sisi ba, amma jiya an ga mutumin a Idi-Araba da jakarsa.